Rakiyar da Giwa Ta Hana

Ban da tabbacin na riƙe labarin nan daidai. Shekaru sun ja, mai yiwuwa ma na haɗa tatsuniya biyu wuri ɗaya. Abin da ba na shakka a kansa shi ne gindin murhun kakata, Inna Kulu, a gidanmu na Ƙofar Taramniya. In an kwashe tuwo bayan magariba sai ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take zaunarwa kusa da ƙafarta, wai ni ne mijinta marowaci.

"Matso nan, miji," takan ce. "In ka yi kwana, ni ka canye dankalinka."

Tatsuniyar Giwa ce ta fi zauna mini. Giwa ta kira gayyar ginin rumbu. Kullum takan zo ta tsaya a kan masu aiki ta ce, "Ina aiki?" Su amsa, "Da godiya." Alhali gara ta ci itacen da rumbun yake zaune a kai, kowa ya gani, amma wa zai faɗa a gaban taro? Bushiya mai kawo musu fura kuwa ta san komai, domin in za ta tafi sai wani ya ɗaukar mata ƙwarya ya raka ta, daidai inda za su rabu ya ce, "Af, na manta ban gaya miki ba." Ita Giwa, da wani ya miƙe zai taka mata sai ta ce ya zauna, kada aiki ya tsaya.

"Giwa ba ta da mugunta," in ji Inna. "Rakkiya ɗai ta hana."

Bara, ina karatun digiri na biyu kan halayyar mutane a wurin aiki, na je bincike a wata ma'aikatar ɗinka jakunkunan fata. Maɗinka suna ta barin wurin. Alhaji, mai ma'aikatar, ya ce zai sallami shugabansu, Malam Bello, sai fa in bincikena ya nuna ba laifinsa ba ne. Na daina samun barci mai daɗi, domin mutumin yana da iyali.

Na zaunar da maɗinkan ɗaya bayan ɗaya a ofis. Kowa ya ce alhamdu lillahi, aiki da godiya. Wata rana zan tafi, wani dattijo a cikinsu, Baba Sani, ya miƙe zai raka ni. Na ce, "A'a Baba, zauna, kada in tsayar maka da aiki." Sai da na hau babur na gane bakin wa na ara.

Washegari na ajiye babur can ƙarshen layi. Muka taka da Baba Sani muna hirar zafi. Zan sa makulli ke nan ya ce, "Af, ɗana. Bello fa ba ruwanshi. Tun da Alhaji ya ɗauke tabarmar da muke zaman aiki a kai ya ba kowa teburi yana kallon bango, ya hana mu cin abinci kwano guda, wurin ya zama kamar kurkuku. Bello ne ma ke ba mutane haƙuri." Wasu ma da suka raka ni daga baya abin da suka faɗa ke nan.

Ni ma ban iya gaya wa Alhaji a ofis ba. Sai da ya rako ni bakin ƙofa na ce, "Af, Alhaji." Ba zan ce maganata ce kaɗai ta yi aiki ba, amma an mayar da tabarma, kuma Malam Bello yana nan.

Hadiza da Nasiru, ku da muka zauna gaban murhun nan tare, don Allah ku aiko mini da gyara in na yi kuskure. Bushiya ce ko kunkuru? Kuma rumbun ya faɗi, ko Giwa ta ji labari da wuri? Ina zargin ban taɓa kaiwa ƙarshen ba, domin ban tuna na taɓa cin dankalin nan ba.