Bindigar Yaya a Kan Tabarmar Inna

Jama'a, yau saura ƙiris mu rasa Inna! 

Yayana ɗan sanda ne, ya dawo daga aiki a Bangi, ya biyo gaishe ta. Yana durƙusawa, ƙaramar bindigar da ya soke a ƙugu ba kube ta zame, ta faɗo kan tabarma, bakinta na kallon Inna! Na kai hannu zan ɗauke, ya daka min tsawa: "Kar ki taɓa! A ɗane take!"

Ya kawar da bakin, ya zare harsashin, gumi na keto masa.

Inna ta dube shi, ta ce, "Kai, in ba za ka sa ta a kubenta ba, na yafe maka durƙuson nan."