Ɗan Aiken da Ya Gaji

Jiya warin kananzir ya bugi hancina a kasuwa, sai na tuna da wani tsohon makaniki na garin Tawa.

Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina malamin dabbobi. Wata safiya aka aiko cewa ciwo ya shiga shanun garin Affala. Na ɗaure akwatin rigakafi a moto, wato babur, maganin kuwa ba ya jure zafi. Da na tada, sai agogon da ke nuna gudun inji ya yi nauyi: ina murza mai, hannunsa na tashi da ƙyar yana rawa. Na tura moton rumfar tsohon.

"Baba, a buɗe injin nan," na ce.

Buɗe inji aikin kwana biyu ne. Tsohon ya tada moton, ya ɗora tafinsa a kan tanki, ya rufe ido yana saurare, kamar yadda yake yi wa kowane inji.

"Injinka lahiya lau, ɗana," in ji shi. "Ɗan aiken da ke kai ma agogo labari ne ya gaji."

Ya zaro wayar agogon daga kubenta, baƙa ƙirin da busasshen giris da rairayi. Ya wanke ta da kananzir, ya bi ta da yatsa ko ta lanƙwashe, ya ɗiga mata mai, ya mayar. Hannun agogon ya miƙe tsaf. Kafin azahar ina cikin garke.

Ya Allah, yadda bai taɓa yanke hukunci kafin ya saurara ba, Ka sassauta masa hisabi, Ka sanyaya makwancinsa.