Dabinon da Djibrilla Bai Ɗanɗana Ba

Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za a tattara mu. Ranar Talata, 12 ga Nuwamba 2024, bayan azahar, Djibrilla ɗan Maman Sani, mutumin ƙasar Tanut, ya cika a bayan motar ɗaukar kaya, a kan hanyar Samnu zuwa Sabha, a yankin Fezan na ƙasar Larabawa. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi kwana tara. Da ya tsananta muka ɗauko shi zuwa likita, sai masu bindiga suka tsare mu a bawaba, wato shingen bincike, don ba shi da takardar zama. Sa'a biyu muna roƙo cikin rana. Lokacin da aka ɗaga mana ƙarfen, babu sauran gaggawa.

Djibrilla, shekara goma sha tara ka yi kana hawan dabino a gonar Haj Mahmoud, har tafin ƙafarka ya koma kamar ƙirgi. Ranar da muka rufe ka ya zo, ya yi addu'a, sannan ya ja ni gefe ya tambaye ni ko na san wani mai hawa, don akwai sauran itatuwa ba a sauke 'ya'yansu ba. Na daɗe da daina mamakin mutane.

Ni malamin makarantar boko ne a Damagaram kafin in baro aji da niyyar ƙetare teku. A Sabha tafiyar ta tsaya. Ka same ni ina ɗaukar bulo, hannuna da ya saba da alli duk ya fashe. Ka yaga rawaninka ka ɗaure mini, ka ba ni rabin tabarmarka a unguwar Hajara, kuma ba ka taɓa kirana da wani suna ba sai Malam, ko a ranakun da ni kaina nake jin kunyar sunan. Ni nake rubuta maka saƙo zuwa gida, don haka na san burinka fiye da kowa: kana so dabinon Fezan ya tsaya a ƙofar gidanka, matarka Kaltoumi ta ci daga nata.

Kowace shekara kana cire ɗan tsiro daga gindin uwar dabino, ka naɗe shi cikin jiƙaƙƙen buhu, ka ba direban kamyo, babbar motar kaya mai zuwa Agadas. Wasu sun bushe a Sahara. Ɗaya aka jefar don a sama wa fasinja wuri. Ɗaya ya isa lafiya, awaki suka cinye. Ni kuwa ina yi maka dariya.

“Ƙasarku ta gero ce, Djibrilla. Ka bar wahalar da direbobi.”

“Malam, kai karatu ka yi, ni hawa na yi. Bar ni in gwada na bana.”

Na tara ne ya kama. Shekara shida Kaltoumi da 'yarku Ousseina suna ɗauko masa ruwa a kai daga rijiya, har ya yi fure. Ka yanka mana kaza. Bayan wata biyu Ousseina ta kira ta ce 'ya'yan ƙanana ne, babu ƙwallo a ciki, suna zubewa. Na ga ka dafe kai. Kai da ka yi wa dubban itatuwa wannan aikin, ka manta ka gaya musu cewa macen dabino ba ta haihuwa sai an soka mata furen namiji, wanda Larabawan nan ke kira dukkar, kuma babu namiji ko ɗaya a yankinku. Bara ka aika da garin furen, aka ƙwace a hanya, wai garin maye ne. Bana ka yanko da kanka, ka shanya a inuwa, ka ƙunshe cikin takarda, ka ce da hannunka za ka kai kafin sanyi, kuma ba za ka dawo ba.

Ana cewa mai nacewa yana cin ribar nacinsa. Ni ma na koya wa yara haka a allo. Ga ka nan: ba ka taɓa ganin itacen ba sai a hoton waya, kuma kabarinka yana ƙasar da ba ta rubuta sunanka a ko'ina ba.

Ƙunshin yana wurina, cikin gwangwanin shayinka. In bai isa ba kafin furen ya buɗe, bana ma ta wuce. Na zaga tasha ina neman mai zuwa kudu wanda zan yarda da shi, amma kowa arewa ya sa gaba. Shekaranjiya Ousseina ta kira.

“Baba Malam, in ya sake fure, me za mu yi masa?”

Shekara goma sha bakwai ina gaya wa nawa cewa sai na zama wani abu zan koma. Ban zama ba. Ranar Asabar zan shiga kamyo da ƙunshinka ɗinke cikin rigata. Ban taɓa hawan dabino ba, amma Ousseina ta ce in an taka turmi hannu yana kaiwa, kuma na kalle ka sau da yawa. Ba don na yarda zai yi ba zan tafi. Sau takwas na ce maka ba zai kama ba, kuma ban taɓa ba ka haƙuri ba.

Allah ya jiƙanka, Djibrilla, ya yalwata makwancinka, ya shayar da kai a inuwar da babu mai tambayarka takarda. Kaltoumi, Ousseina, da dangi duka, Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya rufa muku asiri a bayansa. Ku ci gaba da ba itacen ruwa. Ina tafe.

Falalou, Hajara, Sabha