Ruwan da Bai Sauka a Horo Birni Ba

Ko na tsufa na fara mance sunayen jikokina, ba na jin zan mance ranar da aka tambaye ni ko ni wane ne a ƙauyen da na shekara biyar ina rubuta rahoto a kansa.

Lokacin ina aiki da wata ƙungiyar tallafa wa manoma a Bodinga, ni ke kula da ƙauyukan Shagari. Da damina aikinmu shi ne mu zagaya mu duba ma'aunin ruwan sama da halin da shuka ke ciki. To amma mun saba da wata al'ada: in an yi ruwa a Bodinga, sai mu zauna a ofis mu rubuta cewa an yi ko'ina. Haka muka tarar ana yi, ba wanda ya ɗauke shi ƙarya.

Sai aka ɗauko wani sabon ma'aikaci aka haɗa mu. Mutumin nan kullum yana bisa babur, ya dawo wandonsa duk taɓo. Da farko dariya muke masa, muna ce masa mai gadin hadari. Dariyata ta ƙare ranar da shugabanmu ya ɗaga rahotonsa a taro ya ce kowa ya koyi irin wannan. Shekara biyar ban taɓa jin haka a kaina ba. Wallahi kishi ya kama ni, har gaisuwarsa ta koma yi mini ɗaci.

Ana haka rahotanninmu suka saɓa. Ni na rubuta ruwa ya wadata a Horo Birni, ɗaya daga ƙauyukan nan, shi ya rubuta an kwana biyu ba ruwa, gero ya ƙone, a kai musu iri su sake shuka. Maimakon in ja bakina, sai na sami shugaba na ce, "Yallaɓai, wanga mutum neman suna shikai, ƙirƙira ta kawai." Ina sane da cewa maganar na iya raba shi da aikinsa, kuma abin da nake so ke nan.

Shugaba ya ce, "To, gobe mu tahi mu ukku. Wanda yay yi ƙarya cikinku ya san sauran."

Tun daga bakin gari na ga gonaki sun yi ja. Wani dattijo ya taso daga kunyar gonarsa ya riƙe hannun abokin aikina, har yana tambayarsa jikin mahaifiyarsa. Shugaba ya tambayi dattijon zancen ruwa.

"Ranka shi daɗe, ko ɗigo ba mu gani ba. Wanga bawan Allah shi ka zakkuwa, shi muka gaya ma kukanmu." Sannan ya juyo gare ni da fara'a, ba da wata manufa ba, ya ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Kai kau wa na?"

Haka muka juyo muka dawo Bodinga.

An kai musu iri a makon. Ni kuwa aka karɓe ƙauyukan daga hannuna, aka mayar da ni ƙarƙashin wanda na so in kora. Bai taɓa tayar mini da zancen ba, kuma a lokacin har wannan kawaicin nasa sai da na yi wa kishi.

Na daɗe kafin in yarda cewa bai ƙwace mini komai ba. Aikin da ake biyana in yi na yar, shi ya ɗauka. Tun daga nan, duk wanda na ji zuciyata ta fara zafi a kansa a wurin aiki, nakan fara tambayar kaina me yake yi wanda ni na daina yi.