Kawu Lawal da maus ɗin da ya kifa

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Lawal, ƙanin mahaifiyata, mai gyaran rediyo a Kurfi. Shi ya hana ni barin sana'ata.

Lokacin ina buga wa ɗalibai takardu a wani shago a Dutsin-Ma. Wuni nake ina jan maus na kwamfuta bisa tebur, har wuyan hannuna na dama ya soma zugi, ciwon ya haura kafaɗa. Ta kai ko tuƙin tuwo sai ƙanwata ta karɓe ni. Na je Kurfi na gaya wa Kawu zan ajiye aikin, ga yara biyu ina riƙo.

Bai ce in yi haƙuri ba. Cewa ya yi, "Ɗiyata, gwada mani yadda kike yi." Na gwada masa bisa benci. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To mi zai sa hannu duka ya yi ta yawo saboda 'yar ƙwallo guda?"

Ya tono tsohon maus mai ƙwallo a ciki cikin tarkacensa, ya kifa shi, ya faɗaɗa ramin, ya jawo maɓallan zuwa gefe da waya. Hannu na kwance, yatsu kaɗai ke mirgina ƙwallon. Matsalarsa ɗaya: in na mirgina sama, kibiyar da ke fuskar kwamfuta ta yi ƙasa. Abokan aiki sun sha dariya. Cikin sati biyu na saba, zugin kuma ya riƙa ja da baya.

Yau ina da shagona. Maus ɗin da nake aiki da shi na kamfani ne, ƙwallonsa a sama ƙarƙashin babban yatsa, ya cika tafin hannu, ba ya neman fili a tebur. Da Kawu ya gan shi, na tabbata ba zai ce an kwaikwaye shi ba. Kwance shi zai yi ya leƙa cikinsa.

Bai bar gida ko gona ba, Allah ya jiƙansa. Ya dai bar min ido. Watan jiya na hangi Maman Aisha mai buga takardu a shagon kusa da nawa tana yarfa hannu tana cije leɓe. Na kai mata nawa na ajiya, ta gwada kwana uku. Har yau bai dawo ba, ni kuma ban je karɓa ba.