Ranar da Na Yaye wa Baba Bargo

A gonarmu ta Gubuchi Baba yake dafa mazarƙwaila, kuma bai taɓa yarda cewa rana tana kayar da mutum ba. Wata bazara, ina hutu daga makarantar koyon aikin lafiya, aka kawo shi gida a kan babur, maƙwabta biyu sun sa shi a tsakiya. Ya wuni tsakanin rana da wutar kasko, ya yanke jiki ya faɗi.

Kafin in fito daga madafi, Baffa, yayan Baba, ya sa an kwantar da shi a ɗaki an lulluɓe shi da bargo biyu, wai ya yi gumi ciwon ya fita. Na taɓa wuyansa, zafi rau. Jijiyoyin goshinsa sun fito ruɗu-ruɗu, yana ta sambatu.

Na yaye bargon.

"Mayar," in ji Baffa.

"Baffa, a yi haƙuri, ba zan mayar ba."

Tun da nake ban taɓa musa masa ba. Inna, mahaifiyata, ta dafe ƙirji a bakin ƙofa. Na ce masa jijiyoyin nan da yake gani buɗewa suka yi, jini ya taso kusa da fata don iska ta kwashe zafin. In aka rufe fatar, zafin ba shi da mafita, cikinsa zai koma.

"Yanzu karatun shekara ɗaya ne zai koya mana jinya?"

"Ko na wata ɗaya ne, Baffa, ubana ne."

Na roƙi maƙwabtan suka fito da Baba gindin darbejiya. Na tuɓe masa riga, na dinga kwara masa ruwan randa, na sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata. Inna ta dubi Baffa, ta dube ni, sannan ta ɗauko faifai ta hau fifita. Baffa ya saka takalmansa ya fice.

Kafin motar da muka kira ta iso, Baba ya gane ni, ya nemi ruwa. A asibitin Makarfi aka yi masa ƙarin ruwa, ya kwana biyu.

Mako uku Baffa ba ya amsa gaisuwata. Inna ta ce in je in ce na yi kuskure. Na ce gaisuwa dai kullum zan je in durƙusa in yi, amma wannan kalmar ba za ta fito daga bakina ba. Har yau ba ta fito ba. Shi ya gaji, wata safiya ya amsa, ya tambaye ni yaushe zan koma makaranta.