Babura Biyu da Ban Rubuta Ba

Shekarar da aka ɗauke ni aikin bi gida-gida da tambayoyi, bayanin da aka yi mana a ofis ba shi da wuya. Ƙidayar jama'a ta nuna yawan gidajen kowane ƙauye, amma ba ta faɗi inda mutane ke zuwa ba. Mu za mu tambayi gida ɗaya, kwamfuta ta haɗa amsarsa da ƙidayar, ya tsaya a madadin maƙwabtansa. Inda zirga-zirga ta fi yawa, can za a fara yin hanya.

Ƙuri'a ta faɗa kan gidan kawuna, a wani ƙauye bayan Tursa. Na yi murna, don hanyarsu da damina ko jaki sai an lallashe shi.

Na same shi a zaure yana ware albasa. Bayan gaisuwa na fara karanto tambayoyin: babur nawa ne a gidan, wace rana ake fita, ta wace hanya, da wane kaya. Ban kai ƙarshe ba na dakata. Su ne tambayoyin da masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke yi.

Kawu ya leƙa waje, ya dawo.

"Takardag ga, wa ka karanta ta?"

"Ofis kawai, Kawu."

"Ina za ta bi ta kai ofis?"

Na dubi takardar. Hanya ɗaya ce, ta dajin da 'yan bindigar suke, kuma a cikin jakata za ta bi.

"To rubuta ba mu zuwa ko'ina. Mi muka nema waje?"

Ga babura biyu jingine a bayansa, taɓon tayoyinsu bai bushe ba. Na san duk ran kasuwar Goronyo da asuba yake fita. Tsoro ya kama ni sosai. Na hango an tare motarmu, an zazzage jakar, wani yana karanta ranar fitar kawuna. Na rubuta babu.

Da taswirar zirga-zirgar ta fito, ƙauyen fari fat, wai ba mai fita. Aka ja hanyar ta wani ɓangare. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, don har yau Kawu saukowa yake ya tura babur cikin taɓo, daidai kwarin da ake tare mutane. Duk ran kasuwa ba na iya cin abinci sai ya kira.